Kabewar da Ba Ta Miya Ba

A wani kanti a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje, muryar wata mata nake fara ji: Hausar Jos, a gajiye. Waya maƙale a kafaɗa, bakin zanenta a jiƙe, tana ƙwanƙwasa kabewa kamar mai shirin miyar taushe.

"Baban Ƙauna, famfon kicin fa har yanzu yana zuba. E, kabewar bikin Halowin nake saya mata, irin wadda yara ke sassaƙa wa fuska su yi ado da ita. Bara da na dafa tata ban sani ba, kwana uku yarinyar nan ba ta ce min Mama ba."

Tana shinshina wata nunanniya, ta kasa sakinta. Ina jin gida take tunawa. Can sai ta ajiye, ta ɗauki ɗanya mai sheƙi.

"Wannan dai a ƙwaƙule mata ido, ta ruɓe a baranda. Ba mai fushi da ni."