Yadda Kunya Ta Cinye Lasisin Alhaji Bashir

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kira ni shaida gaban kwamitin ladabtar da 'yan kwangila ba, kuma ba na jin zan manta. Sunana Haruna. A lokacin ni ne rayyis, wato shugaban ma'aikata a wurin gini, a ƙarƙashin Alhaji Bashir. Ku da kuka zo Alƙahira daga baya sunansa kawai kuke ji, to bari in gaya muku ko shi wane ne.

Mahaifinsa Bahaushen Sudan ne, mahaifiyarsa Bamisriya, don haka yana da takardun ƙasa, har ya samu lasisin kwangila. A nan in ba ka da wannan lasisi, babu kamfanin da zai ba ka aiki da sunanka, komai iya gininka. Cikin mutanenmu kaf shi kaɗai ke da shi. Duk wanda ya sauka unguwarmu ta Hayyin Ashir da jaka ɗaya da ƙarfin ƙirjinsa, wurin Alhaji ake kai shi, washegari ya fara ɗaukar bulo, ba a tambaye shi komai ba sai sunan ubansa. Gidaje da yawa da wannan takarda ɗaya suke ɗora tukunya.

Shekarar da kuɗin Masar ya faɗi, rodi da siminti suka yi tashin gwauron zabi, wani kamfani ya ba mu ginin bene a bayan gari. Muka ɗauki hayar winshi, mai ɗaga kaya sama, da injin kwaɓa kankare a wurin Mu'allim Sabri, wani Bamisre mai ajiye injuna a unguwar Faisal. Ƙa'idar ita ce a biya shi duk ƙarshen wata. Da farko komai lafiya. Sai kamfanin ya fara ja mana rai, yau gobe, yau gobe, in ma sun biya, rabi ne. Ɗan abin da ya shigo, Alhaji ya riƙa raba wa leburori, ya bar mai injin. Ban ga laifinsa a nan ba, domin leburan da bai samu na yau ba, gidansa ba a hura wuta. Bashi kuma hanji ne, yana cikin kowa.

Inda gizo ya yi saƙar shi ne, Alhaji tarbiyyar gidan ubansa ya ɗauka. Mutum ne da idan ana bin sa bashi ba ya iya haɗa ido da mai shi. Mu'allim Sabri zai kira, Alhaji ya ƙura wa wayar ido har ta katse, gumi na keto masa. Ranar da Mu'allim ya zo wurin aiki da kansa, Alhaji ya hango motarsa ya sulale ta baya. Ƙaton mutum, ga furfura, ga hula, yana tsallake tarin yashi. Yaran suka yi ta dariya a ɓoye. Ni abin bai ba ni dariya ba, tausayi ya ba ni.

Na same shi na ce, "Alhaji, mutanen nan ba irin namu ba ne. Ka je ka zauna da shi."

Ya ce, "Malam Haruna, da wace fuska? In je hannu rabbana in ce masa me? Ai sai dai a tura manya."

Haka aka yi. A wurinmu babu girmamawar da ta wuce ka tura dattijo ya ba da haƙuri a madadinka. Aka roƙi Baba Liman, limaminmu na Hayyin Ashir, tsoho mai ciwon gwiwa, ni na raka shi har Faisal da kwalin dabino. Mu'allim ya ba mu kujeru, ya aiko da shayi, ya saurari Baba har ya shafa addu'a. Sannan ya dube ni ya ce, "Ya rayyis, shi mai gidan naku rasuwa ya yi?" Na ce yana nan da ransa. Ya ce, "Tamam," wato to shi ke nan. Muka fito Baba yana murna wai an karɓi roƙo, tunda har an ba mu shayi. Bayan ƙaramar Sallah Mu'allim ya turo aka kwashe injunansa, takardar sammaci kuma ta biyo baya.

Yadda tsarin yake, mai kaya yana kai ƙara wurin masu ba da lasisi, su kira ɓangarorin biyu. In an sasanta a gabansu, shi ke nan. In ba a sasanta ba, suna da ikon yin gargaɗi, ko tara, ko su dakatar da lasisi. Muka shiga ɗakin muka tarar da mutum uku a bayan dogon tebur, na tsakiya wani tsohon injiniya ne mai tabarau, shi ne shugaba. Ya tambaye ni ko injunan sun yi aiki duk watannin da ake magana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na ce sun yi. Ya tambaya ko an biya. Na ce ba a biya ba. Na faɗa ina sane da abincin mutane nawa nake taɓawa.

Shugaban ya juya ga Alhaji ya ce ya faɗi uzurinsa. Alhaji ya sunkuyar da kai kamar yadda ake yi gaban manya, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Gaskiyarsa ce." Bai ce kamfani ya riƙe masa kuɗi ba, bai ce leburori ya ciyar ba. Na buɗe baki zan faɗa, aka ce mini shaida ba ya magana sai an tambaye shi.

Mu'allim Sabri ya miƙe. Ya ce, "Ya basha, ranka ya daɗe, winshin nan bashi na sayo shi, ni ma ana bi na. Na kira bai ɗaga ba. Na je ya gudu. Sai ya turo mini shehi da dabino. Ni aljani ne da za a turo mini malami? Wallahi da ya zo ya zauna, ya ɗaga murya in ɗaga, mu sha shayi, da mun raba kuɗin nan wata-wata. Amma mutumin da ya raina ni har ba zai dubi fuskata ba, halas, magana ta ƙare."

A nan Alhaji ya ɗago kai, na ga hawaye a idonsa. Sai a lokacin ya gane cewa abin da ya ɗauka ladabi ne, shi wancan ya ɗauka wulaƙanci. Shugaban ya ba su dama su fita su daidaita, Mu'allim ya ce lokacin wannan ya wuce. Aka dakatar da lasisin har sai an biya bashin gaba ɗaya, aka ɗora tara a kai.

To ku gaya mini, da me zai biya? An hana shi aikin da zai samu kuɗin. Kamfanin da ya jawo duk wannan ya samu hujja a ɓagas, ya ce ba ya hulɗa da wanda aka dakatar, ya soke kwangilar, ragowar kuɗinmu kuma aka ce mu je kotu. Har yau ana ɗage zama. Mu'allim ma bai tsira da komai ba. Bai samu ko sisi ba, waɗanda suka sayar masa da winshin suka zo suka ɗauke abinsu. Daga baya zuciyarsa ta yi sanyi, ya koma ya ce ya janye ƙara, aka ce masa ma'alish, wato sai haƙuri, hukunci ya riga ya shiga, sai an kawo shaidar biya.

Ma'aikatanmu suka watse. Wasu suna zama bakin titi da guduma da kurfin fasa kankare suna jiran mai neman leburan yini. Wasu suka nufi Libiya, akwai waɗanda har yanzu iyalansu ba su ji ɗuriyarsu ba. Alhaji ya sayar da motarsa, ba ta kai ko'ina ba. Yanzu ba ya fita sai masallaci, hawan jini ya taɓa masa hannu ɗaya.

Abin da na koya ba shi da daɗi. A wannan sana'a na sama yana cinye kuɗin ya kwana lafiya, ƙananan su kai juna ƙara, kuma kwamiti ba ya tambayar wa ya fara. Na kuma koyi cewa zuwa da kai ya fi saƙo. In ana bin ku bashi a garin nan, ku je da ƙafarku, ku zauna, a zage ku ido da ido, kada ku tura kowa. Sai dai ban san wa zai amfana da wannan shawara ba, tunda babu sauran mai lasisi a cikinmu. Ni kaina a ƙarƙashin wani nake aiki yanzu, ba ni da ikon ɗaukar ko mutum ɗaya. Makon jiya wasu magidanta biyu da suka gudo daga yaƙin Sudan suka zo ƙofata, an ce musu ni ne rayyis mai sama wa Hausawa aiki. Na ba su abinci, na ce su dawo bayan Sallah. Suka yi ta godiya, har ɗayan ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ni kuwa na san babu abin da zai canza bayan Sallah.