Ranar da Inna ta ɓoye mu a rumbu

Muna cikin maimaita lissafi ɗan aiken Jauro, mai garinmu, ya jingine kekensa a bakin ƙofa ya miƙa wa Mushe takarda. Mushe, kamar yadda muke kiran malami da Faransanci, shi ne malaminmu guda ɗaya tak, Kirista ne daga duwatsun Mokolo, da Hausar kasuwa yake lallaɓa mu idan Faransanci ya gagara. Ya karanta sau biyu, ya ninke. Ya ce an haɗe lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, da ta wasu ƙauyuka, an mayar da su wuri guda a tsallaken rafi, kan hanyar Mayo-Oulo. Dalili, wai yaranmu ba su kai yawan da ake so ba.

Mun kai kuwa. Kowa a garin ya san abin da ya faru.

Kafin damina sufeto ya zo daga Garwa don ƙirga ɗalibai. Mahaifiyata, da muke kira Inna, ita ta fara hango motar daga wajen rijiya. A zamanin Turawa, idan mota ta zo ƙirga yara, ɗiba take yi ta tafi da su. Haka aka tafi da ƙanenta, sai da ya yi gemu ta sake ganinsa. Ta ajiye tulu ta bi gida gida tana faɗa wa mata. Kafin a buga ƙarfen shiga aji, ni da ƙanwata muna cikin rumbun dawa, an kife mana murfi. Sufeto ya tarar da Mushe da 'yan yaran da suka yi sammako, ya rubuta abin da ya gani, ya koma.

Da takarda ta zo, maza suka zauna a ƙofar Jauro suka ce shi ke nan, ba mai tura ɗansa ya tsallake rafi da ruwa a cikinsa. Karatunmu ya tsaya ke nan. Mushe kuma aka mayar da shi ƙasarsu. Bai yi wa kowa faɗa ba.

Ranar da aka koma lakwal bayan hutu, Inna ta tashe mu da asuba, ta ɗaura zane a ƙirji, ta zuba allunanmu da littattafai a babbar ƙwaryar da take kai gyaɗa kasuwa. Ta tsaya a ƙofar maƙwabciyarmu.

"Gwaggo, fito da naki."

"Yau kuma wane rumbun za ki kai su, uwar gudu?"

"Ni na saka su, ni zan fitar da su. Ki ba su abin kari, hanya da nisa."

Mu bakwai muka bi ta ranar. Ruwa ya kai mata ƙugu. Ta fara tsallakar da ƙwaryar, sannan ta dawo ta ɗauki ƙanana ɗaya ɗaya a kafaɗa, manya suka riƙe gefen zanenta. Da la'asar muka same ta zaune a bakin rafi tana ɓare gyaɗa. Bayan mako guda mata suka raba kwanaki a tsakaninsu, maza suka ji kunya suka jera duwatsu a mashigi. Inna ba ta ba kowa ranarta ba har muka gama. Ba ta taɓa shiga harabar lakwal ɗin ba, kuma ba ta san harafi ko ɗaya ba. A cikin waɗanda ta goya akwai ungozoma a Garwa, akwai malamai biyu. Ni iyakata takardar firamare, da ita nake rubuta wannan.

Inna ta rasu bana, bayan girbi. A kwanakinta na ƙarshe ta kira ni ta ce akwai abu ɗaya: Mushe ya tafi bai san wadda ta ɓoye masa yara ba. Ta ce in neme shi in faɗa masa ita ce, in kuma faɗa masa ba wanda ya zauna a gida. Na je Mokolo ranar kasuwa, na tambaya a coci biyu. Wani dattijo ya ce ya san shi, amma ya daɗe da komawa wajen 'yarsa a Maruwa. Ban je Maruwa ba tukuna.