Gwadon da Ya Koma Adaka

Duk lokacin da na ji warin shuni, gwadon kakata nake tunawa.

Ina aji shida a Roni lokacin da hukumar En'e ta tura kawuna karatun aikin gona a Turai. Ni ke karanta wa kakata wasiƙunsa a gindin rumbu, tana ɓarar gyaɗa. A wata wasiƙa da ta zo bayan girbi, ya rubuta cewa makon da ya wuce ma'aunin zafi ya nuna -2.5, ranar da yake rubutu kuwa -11.5.

A kwanakin ne wani malamin gona daga Kazaure zai tafi can, ya ce abu ɗaya zai iya riƙe mana. Ita kuwa biyu ta tanada: ƙunshin kilishi, da gwado mai kauri, rinin shuni, da aka saƙa da zaren da ta kaɗa da hannunta.

"Maigida, duba min da bokon nan naka," in ji ta, don haka take kira na cikin wasa. "Sanyin ƙaruwa yake ko raguwa?"

Na ga 'yar sandar da ke gaban lambobin, ban san aikinta ba, kuma na ji kunyar faɗa. Na ɗauki tsinke, na ɗebe biyu da rabi daga sha ɗaya da rabi a ƙasa.

"Zafi ya ƙaru da tara, Iya."

"Ka tabbata? In ƙarya ce sai ka ba ni takardata."

"Na tabbata."

Aka aika kilishi. Gwado ya koma adaka.

Sai a sakandare na gane cewa in ka ɗebe -2.5 daga -11.5, amsar -9 ce. Sanyi ne ya ƙaru da tara. Kafin nan kawu ya kwanta asibiti a can da ciwon haƙarƙari, ya dawo da tarin da bai bar shi ba. Ita kuma ba ta ga dawowarsa ba.

Ba na cewa gwado ɗaya zai hana ciwo. Mai yiwuwa ya sayi bargo a can. Ban taɓa iya tambaya ba. Amma ni ta tambaya, ni na ce na tabbata.

Yanzu waya ke faɗa wa kowa sanyin ko'ina. Kawu ya tsufa, da gwadon yake lulluɓa tun da aka ciro shi daga adakar kakata. Bara na je gaishe shi, ya shafa shi yana tari, ya ce, "Ashe Iya na da wannan, ba ta aiko min ba?"

Na sunkuyar da kai, na ce Allah ya jiƙanta.