Keji Goma Sha Huɗu na Illiassou

Ranar Laraba, 17 ga Satumba 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Illiassou Mamane, mai walda, a wani asibiti na Paris, bayan wata biyar yana fama da ciwon huhu. Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma. Ya rasu saura kwana huɗu a yi tseren ƙarshe na shekara.

Ni Amine, ba na yabon mutum a banza. Na baro Damagaram da takardar BEPC ta ƙaramar sakandare da jaka guda. Na share kasuwa a Goutte d'Or, na wanke motoci, na koyi kanikanci da idona, ba wanda ya zaunar da ni. Garejina na Vaulx-en-Velin ba kawu a cikinsa, ba ƙungiya. Na sha faɗa a gaban jama'a cewa ba wanda ya taɓa tallafa mini, kuma ban janye ba, sai a kan mutum ɗaya. Kai ne, Illiassou.

Ga wanda bai sani ba, stock-car tsere ne na tsofaffin motoci a fili mai siffar ƙwai, cikin gonakin da aka girbe a ƙauyukan bayan Lyon. Ana zagayawa ana bugun juna, wanda ya kifar da wani ya samu maki. Abin da ya raba direba da kabari shi ne kejin ƙarfe da ake haɗawa cikin motar. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi, keji goma sha huɗu ka haɗa mini.

Kafin su, na farko ni na yi shi da kaina, ina alfahari. Ka zo ka buga shi da guduma, ka kara kunne, ka ce, "Patron, wannan ba keji ba ne, makara ce ka yi wa kanka." Kwana uku ban yi maka magana ba. Rana ta huɗu na ba ka abin yankan ƙarfe. Tun daga nan kake tahowa daga La Courneuve duk Juma'ar tsere, da kilishi a aljihu, kana bin kowace gaɓa da guduma sai ta yi ƙarar da kake so. In an tashi tsere kuma ba ka kallo. Bayan babbar mota kake tsayawa da carbinka, ka juya wa fili baya.

Ga kowane sabon keji akwai takardar bincike, a cikinta akwai layin da ake rubuta wanda ya haɗa keji. Ba ka da diploma, sai aka ce hatimin gareji ya isa. Na danna hatimina sau goma sha huɗu ban tsaya na yi gardama ba. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Mun yi maka sutura ranar Juma'a. Na yi niyyar fasa zuwa tseren, matarka Batula ta ce mini, "Yaya Amine, je ka tuƙa. Da sauran numfashinsa ya gama motar nan." Ranar Asabar na samu shugaban kulob ɗin da ke shirya tseren, na roƙe shi abu guda: minti ɗaya na shiru, a faɗi sunanka a lasifika. Ya duba takardunsa ya ce, "Il n'est pas licencié, monsieur." Wai ba ka cikin rajistarsu. Mutumin nan ya ci kilishinka. Kai ka gyara kejin ɗansa a cikin ruwan sama ba ka nemi komai ba. Shekara goma sha ɗaya yana ce maka "le grand", wato dogo, ashe bai taɓa tambayar sunanka ba.

Ranar Lahadi, a zagaye na uku, aka buge ni a kwana. Motar ta wuntsila sau uku, ta tsaya a kan rufinta. Na fito da ƙasa cike da baki, ko yatsa ban karya ba. Mai lasifika ya yi ta kururuwa yana yabon aikin garejin Amine, jama'a na tafi. Ban taɓa jin tafin da ya ƙona mini rai irin wannan ba. Mutumin da ya riƙe rufin nan kwanansa biyu a ƙasa, ni ake tafa wa.

Ku ma namu ban bar ku ba. A zaman makoki, da kunnena na ji wani mai digiri uku yana cewa, "Allah sarki, ya ƙare rayuwarsa wajen gyaran motocin da za a farfasa." Malam, motar ce ake farfasawa. Mutumin da ke cikinta yana komawa gida wajen 'ya'yansa. Ka nuna mini abu ɗaya cikin takardunka da ya taɓa yin haka.

Ya Allah, Ka jiƙan Illiassou, Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka kare shi daga wuta yadda ya kare bayinKa daga ƙarfe. Batula, ke da yara da dangi na Maraɗi, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zame muku gata. Ƙofata a buɗe take.

Kejin ƙarshe na yanko shi, yana gaban gareji, ba zai je wajen masu awon ƙarfe ba. Ku kuma masu kulob, takardu goma sha huɗu na nan a ajiye a wurinku. Ku fito da su, ku soke hatimina, ku rubuta Illiassou Mamane, mai walda. In ba haka ba, motata ba za ta ƙara taka filinku ba. Ba alfarma nake nema ba. Ku rubuta sunansa.

Amine, mai gareji, Vaulx-en-Velin