Layin da Ba Ya Amsa Sallama

A ƙarshen shekarun tamanin ina aikin kwamfuta a wata masaƙa a Sharaɗa. Babbar kwamfutarmu tana ofishin Bompai, ta layin tarho muke shiga cikinta. Kwatsam ta daina karɓarmu. Da na rubuta sunana, kafin in gama lambar sirri, sai layin ya yanke. Mako biyu ina fama. Na sauya waya, na kwance na'ura, har injiniyan Bompai na zaga a zuciyata.

Rannan na bar abokin aikina yana gwadawa, na taka ɗakin haɗa tarho. Wani dattijo na tarar, sabon ɗauka. A gabana ya ɗaga layinmu, ya yi sallama sau uku, bai ji komai ba sai ƙarar na'ura, ya zare filogin.

Na ce, "Malam, kwamfuta fa kuke yankewa!"

Ya ce, "Sallama uku ba a amsa ba, ai haƙura ake yi."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna kullum ta ƙofarsa nake wucewa, ban taɓa yi masa sallama ba.