Shayi Uku na Baba Mahfuzu Mai Rediyo

Kafin rana ta ɗago a unguwar Roumdé Adjia ta garin Garwa, Baba Mahfuzu ya riga ya buɗe rumfarsa. Zai share gaban tebur, ya hura gawayi, ya ɗora butar shayi, sannan ya jera rediyo uku ya miƙe musu eriya. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Sana'arsa gyaran rediyo ce, kuma ban taɓa ganin mai gyaran da ya kai shi nawa ba. Ka kai masa rediyonka ranar Litinin ya ce ka dawo Alhamis, ka dawo Alhamis ka tarar yana jin labarai da shi. "Gwaji nake yi," in ji shi. Yanzu ido ya gaji, zai rufe rumfa ƙarshen watan nan, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk Garwa an san dokar rumfarsa: babban labari ba ya fita daga nan sai an sha shayi zagaye uku, an ji tasha uku. Ta farko ta Turawa ce mai magana da Hausa. Ta biyu ta Faransa ce, wadda abokinsa Metir Jacques, tsohon malamin makaranta, ke fassara mana. Ta uku kuwa tashar gida ce. Yakan ce kowace tasha tana da mai ba ta tuwo. Idan sojoji suka ƙwace mulki a wata ƙasa, wannan ta kira su 'yan fashi, waccan ta kira su 'yan kishin ƙasa, kai kuma sai ka tambayi kanka wa ke haƙar ma'adinai a can, wa kuma ke son ya maye gurbinsa.

Dokar tana da asali. A watan Afrilun 1984, da aka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde, yayansa Hamadu tela ya ji ƙishin-ƙishin, ya fito titi yana rawa. Yunƙurin bai yi nasara ba. Aka zo har shago aka tafi da Hamadu, bai dawo ba sai bayan shekara bakwai, bakinsa ba haƙori ko ɗaya. Baba Mahfuzu ba ya son wannan zance, sau ɗaya ya taɓa yi mini shi.

Ranar da na san darajar mutumin nan ita ce safiyar da sojojin Gabon suka hamɓarar da gwamnati, wata guda bayan na Nijar. Kafin hantsi wani saƙon murya ya cika wayoyin unguwa, wai Yawunde ma ta faɗi. Muntaka mahauci, wanda zuciyarsa ta fi wuƙarsa kaifi, ya tara 'yan moto, wato masu babur, da 'yan kasuwa, za mu yi jerin gwano muna busa ham har tsakiyar gari. Na ce "za mu" domin da ni a ciki, da furfurata da komai. Wani har ya ɗauro ƙyalle a sanda wai tutar Rasha ce, ya ma juya launukan. Hanyarmu kuwa ta gaban sojoji masu bindiga za ta bi.

Baba Mahfuzu ya fito ya tsaya tsakiyar hanya da buta a hannu.

"Muntaka, ina zuwa haka ba sallama?"

"Baba, kudeta aka yi, juyin mulki! Ku matsa mana, yau ranar talaka ce."

"Madalla. To in ta tabbata, ai ba za ta gudu kafin shayi ya nuna ba. Ku sauko. In an sha na uku tana nan, ni zan hau bayanka mu tafi."

Kunyarsa ce ta sauko da mu. Aka sha na farko mai ɗaci, tashar Turawa ba ta ambaci kowa ba sai Gabon. Aka sha na biyu, Metir Jacques ya manna kunne a rediyo, ya ɗago ya ce, "Libreville kawai, can Gabon, walahi babu Kamaru a ciki." Muntaka ya ce ai Faransawa ɓoyewa suke yi, masu mulkin Yawunde ƙawayensu ne. Baba Mahfuzu ya ce, "Kana da gaskiya, suna iyawa. Shi ya sa akwai na uku."

Ya murɗo tashar gida. Sai ga muryar wata mata, cikin Fillanci, a natse, tana cigiyar akuya ja mai farin goshi da ta ɓata ranar kasuwa.

Baba Mahfuzu ya rage murya ya dube mu. "Na ji juyin mulkin Legas, na ji na Njamena, na ji na Yamai har na daina ƙirga. Farkon abin da soja ke kamawa gidan rediyo ne, sai ka ji kiɗan badujala. Ban taɓa jin sojan da ya ƙwace ƙasa ya bari ana cigiyar akuya ba."

Wani ya fara ƙyalƙyala dariya, sai rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Muntaka ya yi dariya har da hawaye, mai tuta ya kwance ƙyallensa ya goge moto da shi. Daga baya ne jikina ya yi sanyi, da na tuna Hamadu tela.

Baba Mahfuzu, kai ne kunnen unguwa. Ba ka da lambar yabo, ba ka taɓa shiga jirgin sama ba, amma manyan ƙasashe sun sha kawo hajarsu rumfarka ka juya ta ciki da bai kafin ka taya. Kai ka koya mana cewa son canji ba laifi ba ne, sai dai kada mutum ya ba da wuyansa a kan maganar da bai san bakin da ta fito ba. Rediyona da ke wurinka tun bara, na yafe maka shi.

Mun gode, useko, Allah Ya ƙara lafiya da hasken ido. Ku kuma masu waya a hannu, in saƙo ya shigo yana cewa ku fito, ku ɗora buta tukuna. Mu talatin da ɗaya ne muka hau moto a ranar nan, kuma mu talatin da ɗaya muka ci tuwon dare a gidajenmu.