Filin da Na Saya a Ɓoye wa Babana

Lokacin da abin nan ya same ni, a tsakiyar shekarun casa'in, ni mace ce mai kusan shekara talatin, ina sayar da lafaya da turaren wuta a kasuwa a nan Njamena. Mijina ya rasu, na komo gidanmu a unguwar Ambassatna da 'ya'yana biyu. Na ce gidanmu ne don baki ya saba, amma gidan haya ne. A cikinsa aka haife ni, a cikinsa aka haifi Baba. Ina da taurin kai, wannan ko ni ban musa ba, kuma ina da ido a kan abin da maƙwabta suke yi.

Kakana ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar zuwa Makka. Guzuri ya ƙare masa a garin nan, ya tsaya ya nemi na gaba, ya yi aure, ya haihu, har ajali ya cim masa bai wuce ba. Baba ya gaji niyyar, ya kuma gaji wata magana da ya riƙe kamar farilla, wai mu matafiya ne, yada zango muka yi, don haka ba mu da abin yi da ƙasar garin mutane. A ganinsa duk ranar da ɗayanmu ya sayi fili, to ya sanar da duniya cewa mun fasa tafiyar. Ni kuwa ina kallon matan Larabawa da Barebari da muke kasuwa tare suna sayen filaye a unguwar Habbena, su jera ɗakunan laka su zuba 'yan haya. Mu kuma duk damina sai mun lallashi mai gida kafin ya gyara mana rufi. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Na taɓa yi wa Baba maganar sau ɗaya, kallon da ya yi mini ya sa ban sake ba.

Sai na yanke shawarar in yi abina shiru. Wani dillali mai zaƙin baki ya kai ni Gassi, wadda a lokacin daji ce, sai ƙaya da awaki, ga tafiya a ƙaramar bas har ƙugu ya yi tsami. Ya nuna mini fili, ya haɗa ni da wani da ya ce gonar ubansa ce. Saboda ina tsoron labari ya kai kunnen Baba, ban je da kowa nawa ba. Ban tambayi maƙwabtan filin ba, ban gaida bulaman wurin ba, wato mai unguwa, ban kuma taka ofishin filaye ba. Shaidun cinikin ma dillalin ne ya kawo su. Na sayar da 'yan kunnen zinaren aurena na haɗa da abin da na tara, na biya, na koma gida ina jin kaina kamar wata hajiya.

Bayan damina na je da magini don mu ja katanga, sai na tarar da wani bawan Allah yana haƙa harsashi a tsakiyar filina. Na yi masa ca, shi ma ya yi mini. Ashe mutum ɗaya ne ya sayar mana mu biyu, kuma shi da dillalin sun yi layar zana. Aka kai mu gaban bulama. Mai haƙa harsashin ya zo da yayyensa da dattawan unguwarsu, ni kuwa daga ni sai jakata. Bulama ya dube ni ya ce ba zai saurari magana irin wannan ba sai na zo da babba daga gidanmu, in kuwa ba ni da kowa a garin, to zai bar wa mai mutane. A cikin bas na yi ta kuka har gida, ban damu da masu kallona ba.

Gaya wa Baba ya fi mini rasa filin wuya. Na durƙusa na faɗi komai. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce kawai ashe na gaji da zama 'yar matafiya. Ya daina cin abincin da na dafa, in na gaishe shi sai ya amsa da ka. Na riga na sallama filin, abin da nake roƙon Allah kawai kada Baba ya bar duniya yana fushi da ni.

Ranar da za a koma zaman, na fito zan tafi ni kaɗai, sai na gan shi a bakin ƙofa cikin babbar rigarsa ta Juma'a, da sandarsa. Ya shige gaba, na bi shi har muka isa. A gaban bulama ya yi magana da Larabcin garin nan, a hankali. Ya ce 'yarsa ta yi wauta, kuma shi ya jawo, domin shi ya toshe mata hanyar shawara. Ya ce an tambaya ko tana da kowa a garin, to ga shi, kuma ubansa yana kwance a maƙabartar garin nan, matarsa ma haka, saboda haka bai san wane irin baƙo ne shi ba. Ban taɓa jin irin wannan daga bakinsa ba. Ɗayan mutumin ma an cuce shi ne kamar ni, don haka dattawa suka sasanta aka raba filin biyu. Na rasa rabi, kuma har yau in na wuce ta gefen katangarsa sai na ji wani abu a raina.

A rabin nan na gina ɗakuna biyu na laka da rufin kwano, na sa 'yan haya. Wannan karon Baba da kansa ya raka ni ofis aka kafa mini duwatsun iyaka. Gari ya yi ta matsowa har ya cim mana, na ƙara ɗakuna, daga baya na sayi wani filin a Habbena bayan na tambayi kowa har da mai sayar da shayin bakin layi. Muka tashi daga Ambassatna muka koma namu. Da kuɗin hayar ɗakunan nan Allah ya nufa Baba ya sauke farali, a jirgi, yana ta mitar cewa tafiyar da ta gagari ubansa ba ta kai tsawon zuwa Gassi a bas ba.

Abin da na koya shi ne sayen fili ba sayen lafaya ba ne da za a naɗe a jefa a jaka. Ku 'yan uwana masu sha'awar wannan harka, ku fara ko da ƙarami ne, akwai alheri a ciki. Amma kada ku saya a ɓoye. Ku je da naku shaidun, ku gaida bulama, ku tambayi maƙwabta, ku je ofis tun kafin ku biya. Ku kuma iyaye, kada ku tsananta har 'ya'yanku su ji tsoron neman shawararku, domin macuci yana neman wanda ba shi da kowa a bayansa ne. Ranar da Baba ya dawo daga Makka, ya tsaya a ƙofar gida ya daɗe yana kallon katangar, sannan ya dafa kaina ya ce a duk zuriyarmu shi ne na farko da ya je, kuma shi ne na farko da ya sami gidan da zai komo.